Kano zuwa Jidda: Yadda yaƙin Sudan ya tsawaita tafiyar alhazan Najeriya

A duk shekara idan hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi suka fara karɓar kuɗin kujera, hankalin maniyyata yakan karkata ga farashin dala da tsadar masauki a Makka da Madina. Akwai abu na uku da ba a cika tattauna shi ba, alhali yana cikin kuɗin da kowa ke biya, wato yawan sa'o'in da jirgi zai shafe a sama tsakanin Najeriya da Saudiyya. Wannan lissafi ya sauya tun ranar 15 ga Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, kuma har yau bai koma yadda yake a da ba.

Nisan da ke kan taswira

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, tazarar ta kai kimanin kilomita 3,400. Jirgin fasinja na zamani yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a sa'a guda bayan ya daidaita a sama. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar takan ci sa'o'i 4 da rabi, da ɗan ƙari ko ragi gwargwadon yadda iska ke kaɗawa. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da sa'o'i 2, don haka wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 12 na dare zai tarar ƙarfe 6 da rabi na safe ne a Jidda.

Layin ya ratsa Chadi, ya shiga Sudan ta yamma, ya keta ta har gaɓar Bahar Maliya, sannan ya tsallaka ruwa zuwa Jidda. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a saman Sudan ake yin sa. Haka abin yake ga sauran filayen da ake kwasar alhazai. Daga Maiduguri nisan bai wuce kilomita 3,000 ba, daga Legas kuwa ya kai 4,200, amma duk miƙaƙƙun hanyoyinsu ta Sudan suka bi.

Wannan bambanci na nisa yana bayyana a kuɗin kujera. A aikin Hajjin 2025, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ta sanya wa shiyyar Borno da Adamawa kimanin naira miliyan 8.33, sauran jihohin Arewa kimanin miliyan 8.46, jihohin Kudu kuma kimanin miliyan 8.78. Masauki da abinci da hidimar Mina da Arfa ba su bambanta mutumin Yola da na Ibadan ba. Abin da ya raba su shi ne tsawon tafiyar jirgi. Kowane kilomita yana da farashinsa, kuma a ƙarshe daga aljihun maniyyaci yake fita.

Tsohuwar hanya ce jirgi ya gada

Tun kafin a ƙera jirgin sama, ta wannan yanki alhazan ƙasar Hausa da Borno ke bi. Ayari kan tashi daga Kano ya bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan, ya tsallaka kogin Nilu, ya isa tashar ruwa ta Sawakin, daga nan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin matafiyi yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri kafin ya ci gaba. Da yawa ba su dawo ba, suka zauna a Sudan suka hayayyafa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'arsa, har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Blue Nile.

Da jirgin sama ya zo, sawun ayari ya bi. Jiragen farko da suka sauka a Kano a farkon Nuwamban 1925 na sojojin saman Birtaniya ne guda uku, kuma daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, yana yada zango a Al-Ubayyid da Al-Fashir da Al-Junaina da Fort Lamy, wato Ndjamena ta yau, da Maiduguri. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma ta wannan layi aka riƙa tura jiragen yaƙi daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Masar. A ƙarshen shekarun 1940 kuma attajiran Kano irin su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa WAPA domin jigilar alhazai a motoci ta wannan hanya, sunan da ya zauna a kan kasuwar 'yan canji ta Fagge har yau.

Ƙafa da raƙumi da mota da jirgi, duk ta Sudan suka bi, domin ita ce ƙasar da ke kwance tsakanin yankin tafkin Chadi da Bahar Maliya. Tafiyar ta ragu daga shekaru zuwa watanni, daga watanni zuwa sa'o'i, amma sharaɗinta guda ne tun asali: a samu zaman lafiya a Darfur da Kordofan da Khartum. Biranen Sudan da jiragen 1936 ke sauka a cikinsu sun zama fagen daga a wannan yaƙi. Al-Junaina ta faɗa hannun RSF tun 2023, Al-Fashir kuma a ƙarshen Oktoban 2025 bayan ƙawanyar da ta haura shekara guda.

Ranar da aka rufe sama

Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce tushen dokokin sufurin jiragen sama na duniya, ta bai wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. Jirgi ba ya ratsa ƙasa sai da izininta, kuma sai akwai jami'an da za su yi masa jagora daga ƙasa, su raba shi da sauran jirage. A ranar farko ta yaƙin Sudan, filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har aka lalata jiragen fasinja da ke ajiye, ciki har da na kamfanin Saudia. Nan take aka rufe sararin samaniyar ƙasar.

Matsalar ta zarce iyakar Sudan. A lokacin, daga Khartum ake kula da jiragen da ke ratsa saman Sudan ta Kudu a tsayin da manyan jirage ke tafiya, saboda haka rufewar ta shafi ƙasashen biyu a tare. Ta arewa kuma akwai Libiya, wadda kamfanoni da yawa suka daɗe suna kauce wa samanta saboda rikicinta. Zaɓin da ya fi sauƙi ga jirgin da ya tashi daga Najeriya shi ne ya yi kudu maso gabas, ya bi ta Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya gangara wajen Yuganda da Kenya, sannan ya juyo arewa ta Habasha ya fita Bahar Maliya. Duk wanda ya auna wannan zagaye a taswira zai ga ya haura kilomita 5,000, wato tafiyar da ta kusa sa'o'i 7.

Wannan ya zo ne ana saura makonni kaɗan a fara jigilar Hajjin 2023, shekarar da Saudiyya ta bai wa Najeriya kujeru 95,000. Kamfanonin jirage na cikin gida da aka ba aikin jigilar suka jinkirta sa hannu a kan yarjejeniya, suna cewa farashin da aka tsayar na tsohuwar hanya ne. A ƙarshe aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. An cire dala 100 daga guzurin kowane maniyyaci, wanda ya sauko daga 800 zuwa 700, ragowar kuma aka cike shi ta hanyar rangwamen kuɗaɗen da hukumomin sufurin jiragen sama ke karɓa da wasu kafofi. Manomin da ya sayar da shanunsa a Jigawa ya biya kuɗin kujera ya sami kansa yana biyan wani kaso na yaƙin da ba shi da hannu a ciki.

Daga baya an samu ɗan sassauci. An tsara hanyoyin wucin gadi ta saman Sudan ta Kudu, kuma a watan Agustan 2023 hukumomin Sudan suka buɗe ɓangaren gabashin ƙasar da ke kewaye da Port Sudan. Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar da ta keta Darfur da Kordofan ba ta dawo ba, kuma akwai dalili. A Oktoban 2024 dakarun RSF suka ce sun harbo wani jirgin dakon kaya a Arewacin Darfur. A Maris na 2025 sojoji suka ƙwato filin jirgin Khartum, amma a watan Mayu jirage marasa matuƙa suka kai hari a Port Sudan kanta, birnin da ake ganin ya fi ko'ina aminci. Kamfanonin jirage da masu yi musu inshora ba su manta da jirgin Malesiya mai lamba MH17 da aka harbo a gabashin Ukraine a Yulin 2014 ba, inda mutum 298 suka mutu, ko jirgin Ukraine da aka harbo kusa da Tehran a Janairun 2020 da mutum 176 a ciki. A wannan sana'a, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Inda ƙarin kuɗin yake fitowa

Mutane da yawa sun yi mamakin yadda ƙarin sa'o'i 2 ko 3 zai jawo ƙarin dala 250. Amsar tana cikin yadda jigilar alhazai take. Jirgin kasuwa na yau da kullum yana tafiya da fasinja ya dawo da fasinja. Jirgin alhazai kuwa a zangon farko yana tafiya cike ya dawo kusan wayam domin ya kwashi wasu, a zangon dawowa kuma ya tafi wayam ya dawo cike. Ke nan kowace kujera tana ɗauke da kuɗin tafiya huɗu, biyu da mutum a kanta, biyu babu kowa.

A ɗauki misalin Boeing 747, wanda aka saba gani a jigilar alhazan Arewa, mai ɗaukar mutum kimanin 500. Irin wannan jirgi yana shan mai kusan tan 10 a kowace sa'a. Ƙarin sa'o'i 2 da rabi sau huɗu ya zama sa'o'i 10, wato tan 100 na mai. Idan aka raba wa mutum 500, kowa ya tashi da kilo 200. In aka ƙaddara tan guda a kan dala 800 zuwa 1,000, kuɗin ƙarin mai kaɗai ya kai dala 160 zuwa 200 a kan kowane alhaji, tun ba a taɓa sauran kuɗaɗe ba.

Sauran kuma ba kaɗan ba ne. Kowace ƙasa da jirgi ya ratsa tana karɓar kuɗin jagora, wanda galibi ake lissafawa bisa nauyin jirgi da tsawon tafiyarsa a samanta, don haka doguwar hanya mai ƙasashe da yawa ta fi tsada. Kuɗin hayar jirgi da na gyaransa bisa sa'o'in tashi ake ƙirga su. Dokokin sufurin sama sun kuma ƙayyade tsawon lokacin da matuƙa za su yi aiki a jere, galibi kusan sa'o'i 13 idan su biyu ne. Tafiya da dawowa ta sa'o'i 14 a sama ta zarce wannan iyaka, saboda haka dole a ƙara matuƙa ko a sama musu masaukin hutu. Ƙananan jirage irin su Boeing 737 kuwa, da ke iya kai wa Jidda a miƙe ta tsohuwar hanya, a doguwar hanya sai sun rage kaya da fasinja ko sun yada zango sun sha mai.

Lokaci ya fi kuɗi tsada

Aikin Hajji yana da ranar da ba ta matsawa. Saudiyya takan rufe karɓar jiragen alhazai a ranar 4 ga Zulhijja, kuma kowace ƙasa tana da lokutan sauka da aka ware mata a filayen Jidda da Madina. Wanda ya makara ya rasa gurbinsa.

A nan ne tsawon tafiya yake da haɗari fiye da tsadarsa. Jirgin da ke tafiyar sa'o'i 4 da rabi zai iya zuwa ya dawo, tare da lokacin lodi da saukewa da shan mai, cikin sa'o'i 13 ko 14, don haka yana iya yin sawu uku a kwana biyu. Da tafiyar ta koma sa'o'i 7, zagaye guda ya doshi sa'o'i 18 zuwa 19, wato da ƙyar a wuce sawu ɗaya a rana. A 2023 kujerun jihohi 75,000 ne. Ko da kowane jirgi yana ɗaukar mutum 400, ana buƙatar sawu kusan 190 cikin kimanin wata guda. Idan kowane jirgi ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na sawun da zai iya yi, sai dai a ƙaro jirage ko a fara jigila da wuri. In ba haka ba, matsalar inji guda ko jinkirin biza a jiha ɗaya ya isa ya dagula jadawalin gaba ɗaya.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana wannan tun hanya tana miƙe. A 2022, shekara guda kafin yaƙin Sudan, maniyyata fiye da 1,000, ɗaruruwa daga cikinsu 'yan Kano, sun rasa aikin Hajji saboda an rufe karɓar jirage kafin a kwashe su, har NAHCON ta fito ta nemi gafara. Tsarin da ya gaza a tafiyar sa'o'i 4 da rabi ba shi da sararin yin sakaci a tafiyar sa'o'i 7.

Akwai kuma jikin matafiyi. Da yawa daga cikin alhazai dattawa ne, wasu na fama da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa, kuma galibi sun riga sun kwana a sansanin alhazai suna jira. Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa zaman da ya wuce sa'o'i 4 ba tare da motsi ba yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Miƙewa a taka cikin jirgi, da motsa ƙafafu, da shan ruwa, da ajiye magani a jakar hannu, sun cancanci shiga cikin bitar da ake yi wa maniyyata kamar yadda ake koya musu sauran ladubban tafiya.

Ba wannan hanya kaɗai ba

Abin da ya sami hanyar Kano zuwa Jidda yana samun wasu hanyoyi a duniya. Kamfanin Finnair na ƙasar Finland ya gina kasuwancinsa a kan cewa Helsinki ce ƙofa mafi kusa tsakanin Turai da gabashin Asiya, ta saman Rasha. Da Rasha ta rufe samanta ga jiragen ƙasashe 36 a ƙarshen Fabrairun 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin sa'o'i 9 zuwa kusan 13, yayin da kamfanonin China, waɗanda haramcin bai shafa ba, suka ci gaba da bin gajeriyar hanya.

Kusa da gida kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Nijar sun rufe sararin samaniyar ƙasar daga 6 ga Agusta zuwa farkon Satumba. A wannan wata, Nijar da Libiya da Sudan suka zama kamar katanga a tsakiyar nahiyar, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa dogon zagaye. Ga Kano, wadda iyakar Nijar ba ta da nisa da ita, wannan darasi ne kai tsaye. Hanyar gabas ta dogara da Chadi da Sudan, ta arewa ta dogara da Nijar, ta kudu maso gabas kuma da Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Habasha, ƙasashen da kowaccensu ke da nata rikicin cikin gida.

Abin da ya rage a yi

Yaƙin Sudan ya shiga shekararsa ta uku tun a Afrilun 2025, don haka lokacin ɗaukar doguwar hanya a matsayin tsautsayin shekara guda ya wuce. Abu na farko shi ne bayani. Lokacin da ake sanar da kuɗin kujera, ya dace a faɗa wa maniyyaci nawa ne kuɗin jirgi a ciki, ta wace hanya aka yi lissafin, kuma sa'o'i nawa aka ƙaddara. Yarjejeniyar da ake ƙullawa da kamfanoni ta ƙunshi farashi biyu, na doguwar hanya da na gajeriya, ta yadda idan hanya ta buɗe kafin jigila ko a tsakiyarta, rarar za ta koma hannun mai ita, idan kuma wata hanyar ta sake rufewa ba za a koma taɓa guzuri ana saura kwanaki a tashi ba.

Na biyu shi ne izinin ratsa ƙasashe. Sararin samaniyar Nijar da Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya duk yana ƙarƙashin kulawar hukumar ASECNA mai hedikwata a Dakar, amma izinin wucewa na kowace gwamnati ne. Neman sa aiki ne na Ma'aikatar Harkokin Waje da ta Sufurin Jiragen Sama, wanda ya kamata a kammala watanni kafin jigila, kuma a nemi na hanya fiye da ɗaya.

Na uku shi ne zaɓen jirage bisa tsawon tafiyar da ake da ita a yau. Kamfanin da ba shi da manyan jirage masu dogon zango, da isassun matuƙa, da jirgin ko-ta-kwana, bai kamata a ɗora masa dubban maniyyata ba komai kusancinsa da gwamnati.

Na ƙarshe ya shafi siyasar waje. Najeriya ta taɓa karɓar baƙuncin tattaunawar sulhun Darfur, wadda ta kai ga yarjejeniyar Abuja ta Mayun 2006, kuma sojojinta sun yi shekaru suna aikin kiyaye zaman lafiya a yankin. A wannan karo muryarta ba ta fito sosai ba, alhali tana da abin da za ta rasa: ɗimbin Hausawa da Fulani da Barebari da suka zama 'yan Sudan, da ɗalibanta da yaƙin ya raba da karatunsu, da hanyar da dubun-dubatar alhazanta ke bi kowace shekara. Asarar Najeriya ba ta kai ko kusa da ta mutanen Sudan ba, waɗanda miliyoyinsu suka rasa matsuguni. Duk da haka, muddin ana harbi a Darfur da Kordofan, kilomita 3,400 da ke tsakanin Kano da Jidda za su ci gaba da zama nisan da ake gani a taswira kawai, alhaji kuma zai ci gaba da biyan kuɗin zagaye.